Ramin da Ke Bayan Ɗakin Kaka

Ranar da Kaka ta rasu gidanmu ya cika da mata har zaure, amma hawayen da aka zubar duka ba za su jiƙa bakin mayafi ɗaya ba. Kowace ta shigo sai ta durƙusa gaban Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce Allah ya jiƙan tsohuwa, ya sa ƙarshen wahala ke nan, sannan ta juyo tana nema na da ido. Ni ce jikar da Kaka ta riƙa tun daga yaye, kuma duk unguwarmu a nan Tawa babu wanda bai san irin riƙon ba.

Wata maƙwabciyarmu, wadda Kaka ta yi shekaru ba ta amsa gaisuwarta, ita ta fi kowa ɗaga murya. "Wayyo, baiwar Allah ta huta!" Ta share busasshen ido, ta sunkuya wajen kunnen ta kusa da ita ta ce, "Mu ma mun huta." Na ji ta sarai, ban kuma ga laifinta ba.

Kafin a fitar da gawa Gwaggo ta kama tsintsiyar hannuna ta ja ni bayan rumbu.

"Ɗiyata, kahin a hita da ita ki ce kin yahe mata. Kalma guda ta. Kak ki bari uwata ta shiga ƙasa da hakkinki bisa wuya."

Na kau da kai. Ta girgiza ni, na ƙi. Maza suka ɗauki makara suka fita da Kaka ba tare da kalmar ba. Tun ranar kowa ya zo gaisuwa da nasa bayanin yake zo mini. Wasu su ce ai wasan kaka da jika ne, zagin kaka ƙauna ce. Wasu su ce dabara ce irin wadda ake yi wa ɗan wabi, a wulaƙanta shi a fili don mutuwa ta raina shi ta wuce. Masu faɗin haka ba su suka sha ba. Ni na sha, shi ya sa na ga gara in rubuta matar nan yadda take, kafin masu addu'a su goge ta su bar mana wata tsohuwa mai sanyin hali da ba a taɓa yi a gidan nan ba. Ba na so a manta da Kaka, ba na kuma so a gyara ta.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. An ce da aka haife ni, baƙin kashin nan da jarirai ke fara yi bai zo ba. Cikina ya yi ta tashi, na ƙi nono, ungozoma ta wanke hannunta ta ce a kira malam. Inna yarinya ce a lokacin, ga kunyar ɗan fari, ko kallona a gaban mutane ba ta isa ta yi ba, balle kuka. Kaka ce ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan gora mai siririn wuya, ta huda gindinsa, ta cika shi da ruwan ɗumi da ɗan sabulun salo. Ta kifa ni a cinyarta, ta sa mini wuyan goran ta ƙasa, ta kafa baki a hudar ta hura. Abin da ya ƙi fita ya fita. Daga ranar ba ta fasa wankin cikin nan ba har na kai shekara goma. Duk wanda ya ce Kaka ce ta raya ni bai yi ƙarya ba.

Sai dai ku ji yadda ake rayawar. Kullum da hantsi za ta shimfiɗa tsohuwar tabarma a bayan ɗakinta, wurin da ake binne mabiyiyar duk ɗan da aka haifa a gidan, ta ƙwala kira yadda har masu wucewa a titi za su ji: "Tulu! Zo ki kwanta." Sunana ke nan a bakinta, saboda cikin. Ƙafafuna kamar kara, ciki kuwa a gaba, yana sheƙi. In baƙi suka zo sai ta kira ni tsakar gida, ta kwance mini zane, ta ƙwanƙwasa cikin da yatsa yadda ake gwada tukunya a kasuwa.

"Kun ji? Lahiyayye na, bai tsage ba. Wa ka so?"

Baƙi su yi dariya, don ba a ƙin yi wa Kaka dariya. Ni kuma in tsaya ina kallon ƙasa har a sallame ni.

Ba ta ba ni wake, ba ta ba ni tuwon dawa, sai kunu mai ruwa-ruwa da miyar kuɓewa. Na yarda cikina ba ya ɗaukar abu mai nauyi. To amma me ya sa ranar layya sai ta zaunar da ni a gabanta, tana yagar nama tana lumshe ido? "Kalla da kyau, Tulu," in ji ta, "ido ba shi kumburi." In na yi kuka ta ce ciki bawa ne, in ka lallashe shi ya hau kanka. Ban san ko cikin take nufi ko mai cikin ba, kuma ina jin a wurinta duk ɗaya ne.

Maƙwabciyar nan mai kukan ƙarya, ga abin da ya haɗa su. Wata rana ta leƙo ta darni ana cikin wankin, ta ce cikin muryar tausayi, "Wagga ɗiya, da Allah ya ɗauki abu nai da kun huta, ita ma ta huta." Kaka ta ci gaba da aikinta. Ta gama, ta ɗaura mini zane, ta ɗauki kaskon da abin ya zuba a ciki, ta zaga har ƙofar ɗakin matar ta ajiye shi daidai inda take sa ƙafa.

"Ga abin da Allah yaɗ ɗauka yau. Saura sai ki jira."

Na yi murna ranar, na zaci na sami mai tsaya mini. A hanyar dawowa na kama gefen zanenta. Ta fizge. "Sake ni. Ba don ke niy yi ba. Abuna na, ni ka cewa a ɗauka ko a bari."

Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai Kawu ya dawo gida. Wan Inna ne, tsohon soja, yana jin Faransanci, yana kuma da wani dogon tabo a ciki inda likitocin soja suka buɗe shi suka ɗinke. Ya ganni sau ɗaya ya ce sai an kai ni gidan likita. Baba mutum ne da ko akuya ba ya iya kora in uwarsa na kallo, don haka Kawu ne ya yi ta fama. Kaka ta yarda ta je ne kawai don ta ga abin da za a ce wanda ba ta sani ba.

Likitan Bature ne, mai jan gashi a hannu. Ya daɗe yana latsa cikina, ya sa yatsa ya duba, ya yi tambayoyi. Sannan ya ɗauki alli ya zana doguwar igiya mai lanƙwasa a kan allo, Kawu yana fassara. Ya ce hanji yana da jijiyoyinsa na kansa, saƙe a jikinsa kamar zare, su ne ke matsa abinci ya wuce ba sai kai ya ba da umarni ba. Tun ɗa yana cikin uwarsa jijiyoyin nan suke tasowa daga sama suna gangarowa kamar ayari, zango bayan zango, har su kai ƙarshen hanji. Nawa sun sauke kaya tun ba su kai ba. Wajen taƙi ɗaya a can ƙarshe babu su, shi ya sa wurin ya ƙulle, komai ya taru a bayansa. Magani shi ne a kai ni Yamai, a yanke wurin, a jawo mai rai a haɗa.

"To a jira su mana," in ji Kaka. "Ayari na makara, amma shina isowa."

Likita ya girgiza kai. Ya ce in an haifi ɗa hanya ta rufe, ba sa zuwa kuma. Ya ce har yanzu babu wanda ya san yadda za a sa su toho inda babu su. A ƙasarsu akwai masu bincike da ke buɗe ƙwan kaza suna bin tafiyar jijiyoyin nan a jikin ɗan tsako, ko Allah zai sa a gane.

Kaka ta dubi Kawu sama da ƙasa. "Ƙwan kaza. Kai da kat tahi yaƙi, abin da kak kawo muna ke nan? Hwaɗa mishi su ba su sani ba, ni na sani. Shi tambayi ƙadangare."

Abin da take nufi, wutsiyar ƙadangare in ta gutsure tana tohowa. Damina guda cur Kaka ta yi tana farautar ƙadangaru a jikin katanga da sandar darbejiya. Ba ta kashe su. Wutsiyar kawai take sara, ta bar mai ita ya gudu, don a cewarta in ya mutu maganin ya mutu. Sai ta ƙona wutsiyar a kasko, ta niƙa, ta zuba a kunu, ta matse ni tsakanin gwiwoyinta, ta toshe mini hanci. In na amayar ta sake damawa. Kafin gero ya fitar da kai duk ƙadangarun gidanmu guntaye ne, yaran unguwa kuma sun samo mini sabon suna da ba zan rubuta ba. Wasu ƙadangarun na ga wutsiyarsu ta fara dawowa, baƙa, gajera. Ni dai ban toho ba.

Ƙarshen daminar zazzaɓi ya kama ni. Na fara aman kore, cikin ya yi tauri, goran Kaka ya shiga ya fito babu komai. Kawu ya zo da rana tsaka ya ce akwai babbar mota mai zuwa Yamai, ya saɓa ni a kafaɗa. Kaka ta tare ƙofa da taɓarya.

"Ba a yanka mini ajiya. Cikakka anka ba ni ita."

Kawu ya yaye rigarsa ya nuna wa Kaka tabon. "Inna, dubi nan. An yanka ni, ga ni tsaye."

"Kai ai ragowar mutum na, kowa ya sani."

Baba yana tsaye yana kallon rumbu. Sai Inna ta fito daga madafa. Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa haɗa ido da uwar mijinta ba, ta zo ta kama taɓaryar da hannu biyu ta zare ta, ta jingine a bango, ta koma madafa. Kaka ba ta ƙara cin abincin da Inna ta dafa ba har ta bar duniya.

Amma da muka isa tasha sai ga Kaka a bayanmu da ƙunshinta. Ta hau bayan motar cikin buhunan albasa, ta karɓe ni daga hannun Kawu ba ta dube shi ba. Duk tsawon hanyar nan mai ramuka a cinyarta nake, ta zagaye cikina da hannuwanta don kada ƙarfen mota ya buge shi. Da muka sauka damatsanta duk sun kumbura. Ina faɗin wannan don gaskiya ne, kuma don shi ne riƙo na ƙarshe da ta yi mini.

An yi mini aiki har sau biyu, mun yi watanni a can. Bayan na biyun, da na farfaɗo, na ga Kaka ta tare likitan da ya yi aikin a bakin gadona. Ta ciro wani farin ƙyalle sabo daga ƙunshinta, ta shimfiɗa shi a tafin hannu ta miƙa masa.

"Hwaɗa mishi shi ba ni abin da yac cire. Gida za ni kai shi in bizne inda mabiyiyatta take."

Likita ya ce ai an sa shi a kwalba an aika Dakar. A can akwai masu gilashin da ke nuna abin da ido ba ya gani, za su duba su tabbatar inda jijiyoyin suka tsaya. Ya ce da irin wannan dubawa ce wata rana za a san abin da ke tsayar da su, wataƙila har a san yadda za a sa su toho, a daina yanka yara. Yana faɗi yana murmushi, don a ganinsa albishir yake mata.

"To, in sun ƙare kallo su maido."

Kawu ya fassara, likita ya amsa, Kawu ya juyo wajen Kaka. "Inna, ya ce yanka shi za su yi siriri-siriri, ya hi ɓawon albasa. Ba abin da za a maido."

Kaka ta ninke ƙyallen a hankali, ta mayar cikin ƙunshi. Ta dube ni a kan gado, na miƙa mata hannu. Ba ta karɓa ba.

Na dawo Tawa ina cin wake. Cikina ya saɓe, ƙafafuna suka yi nama, har aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, duk da na wuce shekarun shiga. Gida ya yi murna, ban da mutum ɗaya. Kaka ta rataye goran a jikin azara, ta daina ce mini Tulu. Sunana ya koma Guntuwa. Washegarin dawowarmu ta ba ni hauya ta kai ni bayan ɗakinta, ta nuna wuri kusa da inda mabiyiyata take.

"Gina nan. Zurhin kamu guda."

Na haƙa, ta rufe bakin ramin da fasasshen kasko. Ta ce wurin saurana ne, zai jira har ranar da za a dawo da shi. Duk ƙarshen damina, in ruwa ya cika ramin da rairayi, sai ta sa ni in kwashe da hannu tana zaune a kan kujera tana kallo. In tana ba wani labari ta kan ce, "Lokacin da Guntuwa take cikakka," kamar yadda ake cewa lokacin yunwa ko lokacin fara. Ba ta ƙara dukana ba, don duka ma taɓawa ne. In za ta ba ni abu sai ta ajiye a ƙasa.

Baba ya gaji ya roƙi liman ya yi mata magana. Liman ya zauna a zaure ya ce mata Ubangijin da zai tara ƙasusuwan da suka zama ƙasa, Dakar ba ta yi masa nisa ba.

"Ban ce ba Shi iyawa ba, malam," in ji Kaka daga bayan asabari. "Ni dai ajiya Yab ba ni cikakka. Ran da Yac ce ina saura, kai za ka amsa ko ni?"

Liman ya ce Allah ya kyauta, ya nemi takalmansa. Masu son wanke Kaka suna son wannan labari ƙwarai, suna cewa kun ga, tsoron Allah ne ya sa ta. Wataƙila. Amma ita ke jin tsoron, ni ke kwasar rairayi.

Da na isa aure wani malamin lakwal da aka turo daga gabas ya nuna yana so na. Ina son sa, ba zan ɓoye ba. Ya aiko mata biyu daga cikin danginsa su ga gida. Kaka ta tarbe su da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta ba su fura, sannan ta ce su zo ta nuna musu wani abu. Ta kai su bayan ɗaki ta ɗaga kaskon.

"Ni ba ni ɓoye aibin kaya. Wagga da kunka gani ba duka ta ba. In kuna son ta cikakka, sai ku biya ta Dakar ku ɗauko saura."

Matan suka gama shan furarsu don ladabi. Ba su dawo ba, shi ma kafin shekara ta zagayo an mayar da shi wani gari. Na yi kuka a ɗakin Inna har muryata ta dushe. Gwaggo ta ce da ni in yi haƙuri, tsohuwa ƙadangaren bakin tulu ce, a kashe ta a fasa tulu, a bar ta ta ɓata ruwa. Na ce mata ni ce tulun, na kuma riga na fashe.

Daga baya na sami aiki a gidan likita, ina taimakon masu jinya. Abin dariya, aikin da aka fi ba ni shi ne wankin ciki, don an ce hannuna yana da sauƙi. Duk sabon likitan da aka turo sai na tambaye shi ko mutanen Dakar da masu ƙwan kaza sun gano yadda jijiyar hanji ke tohowa. Amsa ɗaya ce, ana nan ana dubawa. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini wataƙila sai jikokina za su gani. In na dawo gida Kaka takan tambaya, ba ta dube ni ba, "Sun ƙare kallon?" In ce ba su gama ba. Ta ce, "Makahi na."

A bana, tsakiyar damina, cikin Kaka ya tsaya. Ta ɓoye har sai da ya tashi ya yi sheƙi, ta kasa ɗaura zane. Gwaggo ta rasa yadda za ta yi, ta sauko da goran daga azara, ta wanke ƙurarsa ta miƙo mini. Na shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki. Na kifa matar da ta yi shekara takwas ba ta taɓa ni ba a cinyata, ba ta fi nauyin ƙullin kaya ba. Kalmar tana kan harshena, in ce, "Tulu, kwanta." Ban faɗa ba, ba don tausayi ba, sai don Gwaggo na tsaye. Na hura har kaina ya yi jiri. Babu abin da ya fita.

Na roƙi likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya zo gida. Ya duba ya ce hanjin ne ya murɗe ya ƙulle kansa. Yanzu ana iya aikin a nan Tawa, ba sai an je Yamai ba. In an yanke wurin da ya mutu yau, tana da rabo. In an bari, babu.

Kaka ta ji kalmar yanka ta buɗe ido. "Ni duka za ni tahi wurin Ubangijina. Ba kamar wasu ba."

Baba ya yi kuka, Gwaggo ta yi birgima, Kaka ba ta motsa ba. Magana zarar bunu ce. Shekara takwas tana gaya wa gari cewa wanda aka yanka ba mutum ba ne, yau ba ta da ƙofar da za ta bi ta fita daga cikin maganarta. Na durƙusa kusa da kanta. Ban san ina so ta rayu ba sai da na ji kaina ina roƙonta.

"Kaka, ki bari a yi. Ni za ni tsaya a ɗakin. Abin da anka cire hannuna za shi hwaɗa, ba mai kai shi ko'ina. In kawo shi gida cikin ƙyalle in bizne miki. Ga rami nan a gine."

Ta daɗe tana numfashi da ƙyar. Sannan ta ce, "Ramin ga na da mai shi."

Washegari da hantsi jiki ya yi sanyi. Gwaggo ta ɗaga kanta ta ɗora a cinya ta ce, "Inna, ga jikakki nan. Ki nemi gahwara tata tun kina iyawa."

Kaka ta juyo da ido ta dube ni. Na matso. Na rantse da ta ce ko da rabin kalma ce, da na yafe tun kafin ta rufe baki.

"Wacce?" in ji ta. "Ta nan, ko ta Dakar?"

Ba ta ƙara magana ba. Kafin azahar ta cika. Da aka zo ɗaure mata haɓa aka nemi tsumma mai tsabta, Gwaggo ta buɗe ƙunshinta ta sami farin ƙyallen nan a ninke, ya yi ja don daɗewa. Gwaggo ba ta san na mene ne ba, ni kuma ban gaya mata ba. Da shi aka ɗaure bakin Kaka, da shi ta tafi.

Wannan ita ce matar da muka binne. Ta hura mini rai da bakinta shekara goma, da bakin nan kuma ta yi ta yanka ni fiye da yadda likita ya yi. Ta tafi cikakka kamar yadda ta so. Allah Mai tara abin da ya warwatse ya karɓe ta da rahamar da ta fi tata, ya sassauta mata tambaya a kan ajiya, ya yalwata mata makwanci. Ina yi mata wannan addu'a da gaske, addu'a ba ta yi mini wuya. Kalma ɗayar nan ce ta tsaya mini.

Ranar sadakar arba'in mata suka sake taruwa, ana rabon gumba a tsakar gida. Gwaggo ta ga taro, ta ga dama ta samu, ta kira ni a gaban kowa.

"Ɗiyata, yau kam ki hwaɗa. Ga uwayenki duka na ji. Kin yahe ma Kaka?"

Na dube su ɗaya bayan ɗaya, har da maƙwabciyar nan da gumba a hannu.

"Ta nan ta yahe," na ce. "Ta Dakar sai ku tahi ku tambaye ta."

Wata ta saki salati. Gwaggo ta dafe ƙirji. Inna, daga ƙofar madafa, ta ce a hankali, kamar da tukunya take magana, "Ashe ba mu bizne bakin ba."

Na bar su na zaga bayan ɗakin Kaka. Damina ta ƙare, ruwa ya ture kaskon, ramin ya cika da rairayi har baki. Kujerarta tana nan jingine da bango, babu kowa a kai. Na durƙusa na fara kwashewa da hannu, ba wanda ya sa ni.